WAI YARAN KARKARA BA SA TURO RUBUTU: TA WACE ƘOFA ZA SU TURO?

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda yake sauri ya ajiye sai ya nutsu.

Shekaranjiya na ci karo da koken wani bawan Allah mai shirya wata mujallar adabi a intanet. Ba zan kama sunansa ba, don ba da shi kaɗai nake ba. Cewa ya yi sun buɗe ƙofar karɓar gajerun labarai da waƙoƙi da zane har wata biyu, amma da suka zo tantancewa sai suka tarar kusan duk abin da ya shigo daga birnin Kano ne da Kaduna da Zariya da Abuja. Daga nan sai ya yanke hukunci, wai yaran karkara ba ruwansu da adabi, TikTok da bangar siyasa sun ɗauke musu hankali.

Malam, da girmanka, wannan magana ba haka take ba. Ni malamin Hausa ne a wata sakandare a nan yankin Kwanar Ɗangora, kuma abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba, da ni aka yi.

Shekara biyu da suka wuce wata ɗalibata 'yar aji biyar ta kawo mini labari a littafin rubutu mai falle arba'in. Labarin wata dattijuwa ce mai sayar da gyaɗa da dafaffiyar masara a bakin kwana. Duk motar da ta fito ta hanyar Doguwa ta tsaya, sai ta ɗauki farantinta ta nufe ta, ba don ciniki ba, don ta leƙa fuskokin fasinja ko za ta ga ɗanta da ya tafi haƙar ma'adinai Riruwai shekara uku ba amo ba labari. Akwai kurakurai birjik. Ba ta san inda ake sa waƙafi ba, tana raba "yana" gida biyu, ƙarshen kuma ta yi sauri kamar ana korarta. Amma wallahi a ofishin malamai na karanta shi, sai da na ajiye na fita waje na sha iska. A daidai lokacin kuma akwai wani yaro, yaron shagon wani mai fentin manyan motoci, da ya zana masunta a dam ɗin Tiga da baƙin biro kawai a bayan tsohuwar kalanda. Har zaren ragar kana iya ƙirgawa.

Na ce bari mu gwada sa'armu. Wata mujalla, ba ta mai koken nan ba amma duk kanwar ja ce, ta fitar da sanarwar karɓar aiki. Sanarwar da Turanci take daga sama har ƙasa, alhali a ciki an ce ana karɓar Hausa. A turo a Word, da irin harafi kaza, da tazara kaza tsakanin layuka. A haɗo da tarihin marubuci da Turanci. Zane kuma sai an yi masa sikanin. Sannan a biya naira dubu uku a kan kowane aiki, wai kuɗin dubawa. Yarinyar nan ko waya ba ta da ita, ta yayanta take ara idan ya dawo daga gona. Na ɗauki littafin na kai shagon kwamfuta, ranar babu wuta, inji kuma babu mai. Washegari aka buga, sai ga shi babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Ƙafa ta koma kafa, ɓari ya koma bari. Kwana biyu na yi ina gyarawa a wayata da babban yatsa. Na cire dubu shida daga albashina na biya, na tura.

Shiru. Ko "mun samu" ba a ce mana ba. Wata ɗaya, wata uku, na aika da tuni, shiru. Bayan wata bakwai sai ga zanen yaron nan a jikin fostar bikin ƙaddamar da mujallar. An yanke gefen da ya sa hannu, an jera sunayen manyan baƙi a kan ruwan Tiga. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ita kuwa yarinyar har ta zana jarrabawar fita, duk inda muka haɗu sai ta ce, "Malam, sun amsa?"

To don Allah ku faɗa mini, idan gobe aka sake wata sanarwar, da wane ido zan dubi wani yaro in ce ya kawo aikinsa?

Bari mu koma baya kaɗan, saboda masu cewa ai haka harkar take tun fil'azal. A 1933, lokacin da Hukumar Fassara ta Zariya take neman littattafan hira da Hausar boko, Rupert East bai manna takarda a bangon ofis ya zauna jiran gawon shanu ba. Fita ya yi ya bi garuruwa, yana zama da malamai yana yi musu bayanin irin abin da yake nema. Abin da wannan gasa ta haifar kowa ya sani: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East ɗin. Imam a lokacin saurayi ne ɗan shekara 22, yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina. Kuma ba kyauta aka miƙa masa aka sallame shi ba. A 1936 aka ɗauko shi zuwa Zariya ya yi wata shida, ana ba shi littattafai yana karantawa, yana rubutu ana dubawa ana mayar masa ya gyara, har Magana Jari Ce ta samu. A 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo.

Kada wani ya zo ya ce ina yabon Turawan mulkin mallaka. East ma'aikacin gwamnatinsu ne, littattafan makaranta yake nema, kuma boko suke so ya hau kan ajami. Na san wannan sarai. Amma ai a nan abin kunyar yake. Wanda ya zo da tasa manufar ya gane cewa marubuci nemo shi ake yi, a zauna da shi, a ja masa layi a ƙarƙashin jimla a ce sake wannan. Mu kuma masu bugun ƙirji da cewa harshen namu ne, bayan shekara 90 da ɗoriya mun koma liƙa sanarwa da Turanci muna karɓar dubu uku.

Ita kanta Gaskiya Ta Fi Kwabo, abin da ya sa ta shiga ran mutane ba labarin Gwamna ba ne kawai. Mutum yana ƙauyensu zai rubuta wasiƙa ko waƙa da hannunsa, ya manna kan sarki, jirgin ƙasan nan da ke bi ta Ɗangora ya kai ta Zariya, bayan 'yan makonni ya ga sunansa da sunan garinsu a jarida ana karantawa a gindin bishiya. Malam Aliyu Namangi makaho ne, bai taɓa riƙe biro ya rubuta boko ba, amma an buga Imfiraji a Zariya, har yau ana rerawa. A nan Kano kamfanin Triumph ya yi jaridar Alfijir da ajami zalla. Yau ina tambaya, wace mujalla ce za ta karɓi waƙar da wani gardi a tsangayun Ƙiru ko Bebeji ya rubuta da tawada da alƙalamin kara? An ba shi ƙofa ne ya ƙi shiga?

Na san abin da za a ce: ai akwai gasa. Gaskiya ne akwai, kuma ba na raina ta. Gasar kamfanin NNPC na Zariya ce ta fito mana da So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed a 1980. Wata gasar kuma ta ba mu Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa a 1982. Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 domin mata marubuta, wadda Aisha Muhammad Sabitu ta fara cinyewa da labarinta Sansani, ta ɗaga mata da yawa da a da ba wanda ya san da su. Cibiyar Gusau da ke Kaduna ita ma tana nata ƙoƙarin. Allah Ya saka musu. Amma gasa sau ɗaya take zuwa a shekara. Mutum uku take ɗauka, a yaba wa wasu 'yan kaɗan, sauran ɗaruruwan su koma gida ba tare da sun san me ya kayar da su ba. Ba laifin masu gasa ba ne, aikinta ke nan, zaɓe take yi cikin abin da ya riga ya nuna. Kowane manomin shinkafa a Tudun Wada ya san ba ranar awo ake samun shinkafa ba. Sai an yi renon iri, an dasa, an bi da ruwa da taki. Wannan renon shi ne aikin mujalla mai fita a kai a kai, mai edita da zai ce wa yarinya labarinki ya yi kyau amma ƙarshen ya yi sauri, ƙara masa shafi ɗaya ki dawo da shi wata mai zuwa. Wannan ne ba mu da shi. Shafi ɗaya ko biyu na adabi a jaridun mako ba za su ɗauke nauyin al'umma mai miliyoyin masu karatu ba.

Kuma ba wai abu ne da ya fi ƙarfinmu ba. A 1958 J. P. Clark yana ɗalibi a Jami'ar Ibadan ya fara wata 'yar mujallar waƙoƙi mai suna The Horn, da tafireta da injin gurza takarda. A cikinta waƙoƙin Wole Soyinka da Christopher Okigbo suka fito tun duniya ba ta gama saninsu ba. Shekara guda kafin nan, a garin na Ibadan, an fara Black Orpheus, wadda take haɗa rubutu da zane, kuma ana sanin wane ne ya yi zanen. Ba da biliyoyi suka fara ba. Abin da suke da shi mutum ne da zai zauna ya karanta abin da aka kawo, ya ba da amsa.

Maganar masu zane kuwa ta fi ci mini rai, don su ko kukan ma ba wanda yake yi musu. Dukkanmu mun tashi da hotunan cikin Magana Jari Ce a idonmu, amma mutum nawa ne a cikinmu zai iya faɗar sunan wanda ya zana su? A shekarun 1990, lokacin da littattafan su Hajiya Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da sauran 'yan Raina Kama suka cika kasuwa, sau da yawa zanen bango ne yake fara jan mai saye kafin ya karanta layi ɗaya. Sunayen marubutan sun shiga kundin digiri a jami'o'i, masu zanen bangon kuwa ko a taron marubuta ba kasafai ake ambatonsu ba. Ka tsaya a Kwanar Ɗangora awa ɗaya ka kalli bayan manyan motocin da ke wucewa Zariya da Jos: zaki, doki, dawisu, masallaci, ɗan dambe. Ka shiga tsangaya ka ga zayyanar da ake yi wa allon sauka. Ka dubi hannun amarya bayan mai lalle ta gama da shi, ko hular da wata baiwar Allah ta yi wata guda tana ɗinkawa. Duk wannan zane ne, kuma a gabanmu ake yin sa kullum. Amma idan mujalla ta ce tana neman zane, irin na ɗan jami'a take nufi, mai kwamfuta da imel. Idan kuma tsautsayi ya sa na yaron ƙauye ya faɗo hannunsu, sai a ɗauke shi tamkar tsintuwa, a yanke sunan.

Sai batun wai ba su da sha'awa. Haba Malam! Ka shiga WhatsApp ka ga yadda 'yan mata da matan aure daga garuruwan nan namu suke rubuta littafi shafi-shafi da waya, cikin dare bayan yara sun yi barci, masu karatu suna tura musu 'yan ɗaruruwa ta asusun banki. Rubutu dai ana yin sa, har ya fi na da yawa. Abin da babu a can shi ne edita. Babu mai cewa wannan babin maimaici ne, babu mai cewa wannan batsa ce ba fasaha ba, kuma wadda ta fi kwance zani a kasuwa ita ta fi samun kuɗi. Sai manya su dawo suna salati wai tarbiyya ta lalace. Kun kulle ƙofar gida, sannan kuna mamakin yaro ya hau katanga.

Ita ma gwamnati ba zan tsallake ta ba. Idan maganar tacewa ce, ta san inda marubuci yake. Tun 2001 muke da Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i. A 2007, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona littattafan hikaya a bainar jama'a, daga baya kuma hukumar tacewa ƙarƙashin Malam Abubakar Rabo ta nemi marubuta su yi rajista. To mun ji, an nuna wa yara abin da ba a so. Ina abin da ake so ɗin, kuma ina za su kai shi idan sun rubuta? A watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Madalla, gina aji da sayen benci abu ne mai kyau. Amma yaron da aka koya wa karatu yana buƙatar abin karantawa da zai ga Falgore da Ɗansoshiya da kasuwar garinsu a ciki, kuma ya san shi ma zai iya sa nasa. Jihar nan ƙananan hukumomi 44 gare ta, amma kusan duk abin da ya shafi adabi a cikin birni yake: Gidan Ɗan Hausa, ɗakin karatu na Murtala Muhammad, zaman ƙungiyar marubuta ta ANA. Mutumin Riruwai ya fi kusa da Saminaka ta jihar Kaduna a kan birnin Kano. Ka lissafa kuɗin motarsa zuwa da dawowa don ya karanta waƙa ta minti biyar, sannan ka ce ba shi da sha'awa.

Wakilanmu kuma, Honorabul Abdulmumin Jibrin Kofa na Ƙiru da Bebeji, da Honorabul Alhassan Ado Doguwa na Doguwa da Tudun Wada, da Sanata Kawu Sumaila na Kano ta Kudu, ga wani aiki nan mai arha. 'Yar mujalla mai shafi talatin, sau huɗu a shekara, a raba ta makarantun yankin nan, ba za ta ci abin da fostocin kamfen na mako ɗaya suke ci ba. Amma da sharaɗi, ranku ya daɗe: kada hotonku ya hau bango, kada ta koma kundin waƙoƙin yabo. In dai haka za a yi, gara a bar mu yadda muke.

Yanzu bari in juyo gida, don in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ma muna da namu. Akwai matashin da za ka gyara masa jimla ɗaya ya daina gaishe ka, wai kana yi masa hassada. Akwai wanda bai taɓa karanta littafi ya kai ƙarshe ba amma yana so a buga nasa. Akwai mai kwashe fim ɗin Indiya ya canza sunaye ya ce labarinsa ne. Mu malaman makaranta kuwa namu ya fi muni. Da akwai allon bango a makarantu inda ɗalibai suke liƙa waƙa da labari da zane duk mako, da hannunmu muka bar shi ya mutu, muka koma sayar da takardun tambayoyin jarrabawa. Ni kaina sai da abin nan ya faru na dawo da shi a makarantarmu, da kwali da gam. Cikin zango ɗaya wurin liƙawa ya ƙare, sai da muka ƙara allo na biyu. Waɗannan su ne yaran da aka ce ba ruwansu da adabi.

Saboda haka duk mai mujallar da da gaske yake son aikin yaranmu, ba abu mai wuya muke roƙo ba. Ka rubuta sanarwarka da Hausa, ka kai ta gidan rediyo, don nan rediyo ake ji. Ka yarda a ɗauki hoton rubutun hannu a turo maka ta WhatsApp, ko da ajami ne, bugawa a kwamfuta aikinka ne ba na 'yar aji biyar ba. Kada ka karɓi ko sisi. Mujallar da take rayuwa da kuɗin masu turo aiki ba mujalla ba ce, adashe ne wanda mutum ɗaya yake kwasa. Idan ba ka da abin biyan marubuci, faɗi gaskiya tun farko, ka ba shi kwafi ɗaya ya kai wa mahaifiyarsa. Zane kuma kada ya hau fosta ko bango sai da izinin mai shi da sunansa a jiki, kuma aikin ya ci gaba da zama mallakarsa. Abin da ya fi duk waɗannan, ka amsa. Ko "a'a" ce, ka faɗe ta cikin wata biyu, da layi biyu na dalili. Yaro yana iya jure a ce masa bai yi ba. Shirun nan ne yake sa shi ya ɗauka ko karantawa ba a yi ba, kuma sau da yawa gaskiyarsa ne.

Yaron nan mai zane yanzu ya zama cikakken mai fenti. Kwanaki ya nuna mini bayan wata tirela da ya gama, ya rubuta sunansa ƙanana a can ƙasa kusa da lamba, ya ce, "Malam, nan dai ba mai yankewa." Yarinyar kuma an yi mata aure wajen Kafin Maiyaki. Da muka haɗu a wani suna na tambaye ta ko tana rubutu, sai ta yi dariya ta ce ai ta bar wannan wasan yaran.

Kai kuma mai koke, ba faɗa nake nema da kai ba, gayyata ce. Ka shiga mota a Unguwa Uku ka sauka a Kwanar Ɗangora ranar Asabar ɗin da ta yi maka. Zan tara maka ɗalibai da 'yan tsangaya da masu fenti, har da matan da za a bari su fito. Ka zo da jan biro, kada ka zo da rasit. Littafin nan mai falle arba'in yana nan a durowata, da shi za mu fara.